Me Ya Sa Na Gaskata Akwai Allah?

Wata rana da la'asar muna zaune a gindin wani babban gawo, a ƙauyenmu na ƙasar Kwaya, ana hirar damana da tsadar hatsi. Sai wani saurayi, wanda bai daɗe da komowa daga cirani ba, ya ce, "Iyayena, ina da tambaya. Kullum kuna cewa Allah ya ba, Allah ya hana. To, a cikinku wa ya taɓa ganinsa?" Wuri ya yi tsit. Wani dattijo ya daka masa tsawa, ya ce, "Kai yaro, kama bakinka!" Amma yaron bai yi shiru ba. Ya juyo wajena ya ce, "Kawu, kai Kirista ne, kuma ka iya karatu. Don mahaifinka ya gaskata ne kai ma ka gaskata, ko kuwa kana da dalili naka na kanka?"

Ran nan ban ba shi amsar kirki ba. Na kwana ina juya maganar a raina. Gaskiya ne, a bakin mahaifina na fara jin sunan Yesu Almasihu, kamar yadda yawancinku a bakin iyayenku kuka fara jin kalmar shahada. Gado ba laifi ba ne. Amma ko gonar gado ce, in ba ka sa mata hauya da hannunka ba, ba za ta cika maka rumbu ba. Saboda haka ga amsata, gwargwadon abin da na sani.

Sawu a kan rairayi

In sanka ya ɓata da dare, da safe me kake yi? Sawu kake bi. Ba ka ga san ba, amma ka tabbata ta nan ya wuce. In wani ya ce maka iska ce ta zana sawun, dariya za ka yi masa.

To, ɗaga kanka ka dubi gawon da muke zama a gindinsa. Sauran itatuwa da damana suke yin ganye, da rani su kaɗe. Shi kuwa gawo sai ruwa ya sauka yake zub da nasa. Ganyen ya ruɓe ya zama taki, rana kuma ta samu hanya ta kai ga hatsin da ke ƙarƙashinsa. Kowane manomi daga Magarya har Dungas ya san inda zangarniya ta fi kauri a gonarsa. Da rani kuma, lokacin da ciyawa ta ƙare, sai gawo ya yi kore shar, ya ba awaki da tumaki ganye da ƴaƴa.

Masana aikin gona sun bincika, sun ce saiwarsa tana nutsawa ƙasa ƙwarai har ta kai ga ruwa, kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Madalla da wannan ilimi. Amma in makaniki ya bayyana maka yadda injin niƙa yake juyawa, ai bai nuna maka cewa ba wanda ya ƙera shi ba. Sai ma ka ƙara jinjina wa maƙerin.

Na san yaron zai ce, "To, shi Allah wa ya yi shi?" Ga misali. Ka rasa iri, ka ranto tiya ɗaya a wurin maƙwabcinka. Shi ma ranto ta ya yi a wurin wani, wancan ma haka. Ko mutum ɗari aka jera, tilas a ƙarshe a tarar da mai rumbu, wanda hatsin nasa ne, ba rance ba. In babu shi, ko ƙwaya ɗaya ba za ta iso hannunka ba. Ni da kai da gawo, duk aron rai aka ba mu, kuma za a karɓe. Wanda rai nasa ne, bai ara a wurin kowa ba, shi muke kira Allah.

Alƙalin da ke cikin ƙirji

Dalili na biyu ba a gona yake ba, a cikinka yake. Mai awo ya bubbuga gindin tiyarsa, ya cuci wata tsohuwa a kasuwa. Ba wanda ya gani, ba dogari, ba jandarma. Amma da dare in ya kwanta, wani abu yana ce masa, "Ba ka kyauta ba." Wa ke magana? Ko ɓarawo ma, ran da aka yi masa sata, kururuwa yake yi, yana cewa an zalunce shi. Je ka Kano, je ka Agadas, je ka Faransa. Harshe daban, tufafi daban, abinci daban, amma ba inda ake yabon mai cin amana. Doka ba ta kafa kanta. In akwai doka a zuciyar kowane ɗan Adam, akwai wanda ya sa ta.

Har zuwa nan, mu da maƙwabtanmu Musulmi bakinmu ɗaya ne.

Tambaya mai wuya

Amma zan yi ƙarya in na ce maganar ta ƙare a nan. A shekarar 1984 ina yaro. Ruwa ya ɗauke, hatsi ya bushe tun bai fid da kai ba. Iyakar Najeriya tana rufe. Dabbobi suka yi ta mutuwa. A gidanmu dusa muka ci, da anza wadda ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita. A cikin wannan hali ƙyanda ta kama ƙanwata, ƴar shekara 3. Mahaifina ya durƙusa dare uku yana addu'a. A rana ta huɗu aka binne ta.

Ina Allah yake a ran nan? Na yi shekaru ina ɗauke da wannan tambaya, ban gaya wa kowa ba. Wani sashe na wahalar duniya, mu muke jawo shi: mai ɓoye hatsi sai ya yi tsada, mai sare daji, mai cinye taimakon talakawa. Amma hadari ba a hannun mutum yake ba, kuma yarinya ƴar shekara 3 ba ta yi wa kowa laifi ba. A cikin Littafi Mai Tsarki akwai labarin Ayuba, mutumin kirki wanda ya rasa dukiya da ƴaƴa da lafiya. Abokansa suka ce lalle zunubinsa ne ya jawo. Allah ya tsauta wa abokan nan. Amma shi Ayuba, har ƙarshen labarin ba a gaya masa dalilin wahalarsa ba. Ni ma ba a gaya mini ba.

To, me ya riƙe ni? A nan ne bangaskiyar Kirista take da maganarta ta daban. Mu mun gaskata Allah bai tsaya daga nesa yana kallon wahalarmu ba. Ya zo cikinta da kansa, ta wurin Yesu Almasihu. Linjila ta nuna mana Yesu ya girma a gidan masassaƙi. Ya san yunwa, ya san gajiya. Ya yi hawaye a kabarin abokinsa Li'azaru. Ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, a zamanin da kowa ke gudun kutare. A ƙarshe aka gicciye shi ba da hakkinsa ba, a hannun gwamnan Romawa mai suna Bilatus. Mun kuma gaskata a rana ta uku ya tashi daga matattu.

Me ya sa na yarda da wannan? Dubi almajiransa. Ran da aka kama shi, duk suka watse, babbansu Bitrus har ya rantse bai san shi ba. Bayan ƴan makonni sai ga su a tsakiyar Urushalima suna shaida cewa sun gan shi da rai. Aka yi musu bulala, aka ɗaure su, aka kashe waɗansu, ba su janye ba. Mutum yakan mutu saboda ƙaryar da aka yi masa, in ya ɗauka gaskiya ce. Amma da wuya ka ga wanda ya ba da wuyansa saboda ƙaryar da shi kansa ya ƙaga.

Na san ƴan'uwanmu Musulmi suna girmama Annabi Isa, amma ba su yarda an gicciye shi ba. A nan muka rabu, kuma ba na ɓoyewa. Abin da na gaskata nake faɗa, ba gardama nake nema ba. Amma ni, in na tuna ƙanwata, ina tunawa cewa wanda nake roƙo ya san zafin kabari, ya kuma fi ƙarfinsa.

Gani ya kori ji

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Bangaskiyar da ba ta fito a aiki ba, surutu ce. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi, a 1956 kuma na kutare a Danja, kusa da Maraɗi. A can an wanke gyambon mutanen da danginsu suka ware musu ƙwarya, ba a tambaye su addininsu ba tukuna. Ban ce Kirista ba su da laifi ba. Cikin ƴan mishan akwai waɗanda suka raina al'adunmu, cikinmu kuma akwai masu ƙarya da masu rowa. Amma laifin ɗan makaranta ba ya ɓata karatu.

Mu Kirista a Nijar ba mu kai mutum 1 cikin 100 ba. Ranar 16 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u a Damagaram, kashegari a Yamai, har aka yi asarar rayuka. Abu biyu ba zan manta ba. Akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a cikin ɗakunansu. Kuma shugabannin ikilisiya suka tashi suka ce a yafe, kada a rama. Wa ya koya wa mai ɓoyewa tausayi, wa ya ba mai yafewa ƙarfi? Alƙalin nan ne na cikin ƙirji, da wanda ya naɗa shi.

Ga shawarata

Bayan farin 1984 ƙasarmu ta yi kamar an share ta. Ashe saiwoyi suna nan da rai a ƙarƙashi. Manoma suka daina sare tohon da ke fitowa a gonakinsu, suka riƙa gyara shi. Yau ga gawo ko'ina a ƙasar Magarya da Matamaye da Mirya. Haka tawa bangaskiyar ta yi. Ta bushe shekaru, amma ba ta mutu ba, sai da na koma na yi mata aiki da tambaya da karatu.

Saboda haka, iyaye, in yaro ya yi irin wannan tambaya, kada a daka masa tsawa. Matambayi ba ya ɓata. Cikin almajiran Yesu ma akwai Toma, wanda ya ce sai ya gani da idonsa kafin ya yarda, kuma ba a kore shi ba. Ku kuma da kuka koyi karatu da girmanku, yanzu ba sai an karanta muku ba. Musulmi ya zauna da littafinsa, Kirista ya zauna da nasa, kowa ya nemi dalilin abin da ya riƙe, domin ran da fari ya zo, abin da ka sani da kanka shi zai tsaya maka.

Ni dai gobe da la'asar zan kai wa yaron nan takardar nan a gindin gawo. In yana da wata tambaya, ina jira. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya bar mu da zaman lafiya. Amin.