Littafin Soyayya a Hannun Ɗiyarka

Kai uba, ke uwa, wannan magana taku ce. Wataƙila ɗiyarku ta koyi karatun Hausa a majami'a, ko a ajin yaƙi da jahilci, gama a lakwal Faransanci aka fi koya wa yara. Kun yi murna ran da ta fara buɗe Littafi Mai Tsarki tana karanta wa kakarta. To, ga shi yanzu an tsinci wani ɗan littafi a ƙarƙashin tabarmarta, da hoton budurwa a bangonsa. Ko kuwa ba littafi ba ne, waya ce take mannawa a kunne bayan an ci tuwon dare, wata murya tana karanta mata labarin wata yarinya da saurayinta. Sai kun yi kira sau uku kafin ta amsa. Tana jin daɗin abin ƙwarai, ba ta kuwa ɓoye ba. Jin daɗin nan zunubi ne?

Kada ku yi saurin amsawa. Bari mu san abin tukuna.

Littattafan nan daga Nijeriya suka fito, yawancinsu daga Kano. A shekara ta 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid a Zariya, labarin wata Bafillatana da ta so wanda ba ɗan ƙabilarta ba. Bayan 'yan shekaru samari da matan aure suka shiga rubuta nasu, suna bugawa da kuɗin aljihunsu, ana sayarwa a kasuwa. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987. Ado Ahmad Gidan Dabino ya rubuta In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, ya kuwa bazu ko'ina. Fatake da 'yan cin rani suka hauro da irinsu ta Katsina da Jibiya har Maraɗi, daga can suka kai Tasawa da Mayahi. Yau takarda ta ragu. Labarin yana zuwa ta WhatsApp, ko kuwa an ɗauki muryar mai karatu an zuba a waya, har wadda ba ta san baƙi ko ɗaya ba tana iya bin littafi daga farko zuwa ƙarshe tana surfe.

Wanda ya koya wa yaro karatu ya ba shi mabuɗi, mabuɗin nan kuwa ba ɗaki ɗaya kaɗai yake buɗewa ba. Tun da aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, masu bi suke ta fama su koya wa 'ya'yansu mata karatu. Abu mai kyau suka yi. Amma ba shi yiwuwa a ce wa ido, ga abin da za ka iya karantawa, sauran kuwa ka makance.

Jin daɗin labari ba mugun abu ba ne. Kai ma ka zauna a gaban tsohuwa ka ji Gizo da Ƙoƙi, ba wanda ya ce ka yi zunubi. Labarin ƙauna tsakanin saurayi da budurwa ma ba Kanawa suka fara shi ba. A Littafin Farawa akwai Yakubu, wanda ya ga Rahila a bakin rijiya, ya yi wa ubanta kiwo shekara 7 dominta, aka ruɗe shi, ya ƙara waɗansu 7. Akwai Rut da Bo'aza a gonar sha'ir. Akwai Waƙar Waƙoƙi dungum, wadda dattawa da yawa suke jin nauyin karanta ta a gaban jama'a, duk da haka ba wanda ya isa ya cire ta. Wanda ya halicci zuciyar budurwa ya san za ta buga in ta ji irin wannan labari. In ɗiyarku mai shekara 15 ta ji daɗinsa, alama ce ta girma, ba alamar lalacewa ba.

Amma ku tambayi kanku, mene ne ainihin abin da take samu a ciki? Mutane sukan ce, ai motoci ne da gidajen sama. Akwai wannan, za mu zo kansa. Amma akwai wani abu da ya fi shi zurfi. A cikin littafin nan, yarinya tana da baki. Ana tambayarta wa take so. In ta ce ba ta so, marubuci yana tsayawa ya ji dalilinta, shafi bayan shafi. Ku dubi Wa Zai Auri Jahila?, wanda Balaraba ta fitar a 1990. An cire yarinya daga makaranta, aka aurar da ita ga wani tsoho mai dukiya, ta gudu, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar asibiti. Marubuciyar ba daga iska ta ɗauko wannan ba. Ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya ƙarama, sai daga baya ta koma ajin manya ta ci gaba da karatu.

Wannan kuwa ba labarin Kano kaɗai ba ne. Binciken da aka yi a ƙasar Nijar a 2012 ya nuna cikin mata 100 masu shekara 20 zuwa 24, 76 an aurar da su kafin su cika 18. A jihar Maraɗi abin ya kai 89. Ba sai an kawo muku lissafi ba, kun sani. Kun san yadda shekarar da hatsi bai yi ba, rumbu ya yi sauƙi tun kafin bazara, zancen auren yarinya yakan taso da wuri. Kun san gidajen masu bi ma ba dukansu suka kuɓuta ba. Yarinyar da ta ga an kai ƙawarta ɗaki a Korgom ko Urafan tana kuka, in ta sami labarin da aka saurari kukan wata irinta, yaya ba za ta manne masa ba?

Ke uwa, bari a faɗi gaskiya. Ba 'yan mata kaɗai suke sauraro ba. Akwai mata masu 'ya'ya 6 da sukan matso kusa in an kunna wayar, suna yi kamar tsinken tsintsiya suke nema. Waɗansu suna jin kunya, suna cewa, ni da furfura me ya haɗa ni da soyayyar yara? Kada ki ji kunya. Macen da aka kai ta ɗaki tana da shekara 13 ba ta yi zance ba, ba ta tsaya a dandali wani ya aiko ƙaninta ya kira ta ba. Ƙuruciyar da ba ta samu ba ita take ji daga nesa. Wannan abin tausayi ne, ba abin dariya ba. Abin lura ɗaya ne kurum: in labarin ya ƙare, da wane ido kike duban mijinki sa'ad da ya komo daga gona da ƙura har gira? In kin sami tausayin ɗiyarki a ciki, kin ci riba. In raini kika samo, littafin ya cuce ki.

Gama zuma tana da zaƙi, tana kuma da harbi. Da yawa cikin littattafan nan, saurayin kirki shi ne mai mota, wanda ya yi karatu a Ingila, yana kashe kuɗi ba ya ƙirgawa. Ba ya noma, ba ya zuwa cin rani, ba a taɓa ganinsa da amalanke ba. Yarinyar da ta sha wannan kowane dare shekara 2, ran da ɗan maƙwabci mai hankali, mai tsoron Allah, ya zo da gonarsa da shanun huɗarsa biyu, sai ta ga kamar an rage mata. Ba ƙarya aka yi mata kai tsaye ba, mudun awo aka sauya mata.

Harbi na biyu ya fi wannan zafi. Littattafan sukan nuna so kamar ciwo ne da yake kama mutum ba shiri, wanda ba shi da magani sai a sami abin da ake so, in ba haka ba sai kwanciya asibiti ko faɗawa rijiya. Littafi Mai Tsarki ya san irin wannan so, bai kuwa yabe shi ba. Amnon ɗan Dawuda ya so Tamar har ya rame. Da ya sami abin da yake so da ƙarfi, nan take ya ƙi jininta, ya sa aka kore ta aka kulle ƙofa. Shi ma da an tambaye shi, da ya ce so ne. Yakubu kuwa ya jira shekara 7 a bayan tumaki. Dukansu biyu kalma ɗaya suke kira, amma ɗaya ya iya jira, ɗaya bai iya ba. Yarinya tana bukatar wanda zai nuna mata bambancin, gama ba kowane marubuci yake nunawa ba.

Ku sani kuma yawancin marubutan nan Musulmi ne, suna rubutu a kan gidajensu, inda akwai kishiya da saki. Ba abin zagi ba ne, maƙwabtanmu ne, waɗansunsu ma da ƙarfin hali suka tsaya wa matan da aka zalunta. Amma auren da muka yi alkawarinsa a gaban ikkilisiya, mutum ɗaya da mace ɗaya har mutuwa, ba shi ne ginshiƙin labarinsu ba. Sa'an nan akwai waɗanda ake turawa ta waya ba sunan gaskiya, ba wanda ya duba su, batsa ce tsagwaronta aka lulluɓe da sunan soyayya. Waɗannan ba su da wani amfani. Marubutan kirki na Kano su ma suna kuka da su.

To, a ƙone su duka? An gwada. A 2007 gwamnatin Kano, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ta sa aka tara littattafan da aka karɓe daga hannun 'yan makaranta aka cinna musu wuta a gaban jama'a. Rubutu bai tsaya ba. Bayan 'yan shekaru ya koma cikin waya, inda ashana ba ta kaiwa. Wani zai ce, ai a Afisa ma an ƙone littattafai a zamanin Bulus. Gaskiya ne, amma a sake duba Ayyukan Manzanni sura 19. Littattafan sihiri ne, masu su ne kuma suka kawo su da hannunsu, bayan zuciyarsu ta juya. Ba ubansu ne ya kutsa ɗaki ya ƙwace ba. In ka ƙwace na ɗiyarka ka jefa a murhu, gobe za ta ji ƙarshen labarin a wayar ƙawarta a bakin rijiya. Abin da ka ƙone kawai shi ne hanyar da za ta bi ta faɗa maka abin da yake ranta.

Akwai wata hanya, tana kuwa da wuya ga namiji Bahaushe, musamman in ɗiyar fari ce wadda ko sunanta ba ka faɗa. In kunya ta hana ka, uwarta ta yi, ko gwaggonta, ko wata dattijuwa daga zumuntar mata. A ce mata, karanta mana mu ji. In ta yi farat ta fara, da wuya littafin ya zama mugu. In ta sunkuyar da kai ta ce wannan ba na karantawa a gabanku ba ne, ita da kanta ta yanke masa shari'a, ba sai an ɗaga murya ba. In ana karantawa, a riƙa tsayar da ita. Wannan yaro da me yake ci da gidansa? Da ya ce zai mutu in bai same ta ba, ya taɓa ɗaukar mata tulu? Uban yarinyar nan ya yi daidai da ya ba da ita ba da sonta ba?

Tambaya ta ƙarshen nan tana iya juyowa kanka, ka shirya. Sa'ad da baran Ibrahim ya zo neman Rifkatu, an riga an karɓi kaya, an ci an sha, amma da zancen tafiya ya zo, sai danginta suka kira ta suka tambayi bakinta. Ɗiyarka ta karanta wannan ma, a Farawa sura 24, a littafin da kai ka saya mata.

Mai yiwuwa a tsakiyar hirar ta ambaci sunan wani yaro na Kanembakashe wanda ba ya cikin littafin. In ta ambata, kada ka tashi neman sanda. Ka tambaye ta ɗan gidan wa ne, me yake nomawa, tun yaushe kuma suka san juna.