Tiyo a Hannun Injiniya: Shin Cin Amanar Ilimi Ne?

Ranar 20 ga Afrilun 2020 farashin gangar ɗanyen man Amurka ya faɗi har ƙasa da sifiri, wato mai kaya ne zai biya a ɗauke masa kayansa. Ina zaune a ɗakina a Hiyustan na ga labarin, na kuma san cewa kwanakina a wurin aiki sun zama ƙidayayyu. Bayan mako shida aka kira mu taron bidiyo wanda bai kai minti goma ba, aka yi mana godiya, aka sallame mu. Ina da digiri na farko a fannin injiniyan injina daga Zariya, da na biyu daga nan Teksas, da shekara biyar ina lissafin yadda ruwa da mai ke gudu a cikin bututu. Na yi wata huɗu ina aika takardun neman aiki, amsar da na fi samu ita ce shiru.

A watan Oktoba na wannan shekara na sayi tsohon injin feshin ruwa, irin wanda muka sani a wuraren wankin mota na bakin titi a gida, sai dai ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Na biya dala 300 na yi wa ƙaramin kamfani rajista a jihar Teksas, na yanki inshora, na ɗora injin a bayan tsohuwar a-kori-kura. (Ga wanda abin ya ba shi sha'awa: na iya yin haka ne domin ina da takardar zama ta dindindin. Mai bizar aiki ta H-1B ba shi da izinin yi wa kansa irin wannan aiki, kuma in aka sallame shi kwana 60 ne iyakar wa'adin da yake da shi. A nemi shawarar lauya kafin a sayi ko da tiyo.)

Aikin ba shi da wuyar bayani. Hiyustan gari ne mai zafi da laima, don haka gansakuka da fumfuna ba sa barin bango da daɓen siminti da rufin gida. Ruwan famfon gida yana fitowa da matsin da bai cika wuce fam 60 a kan kowane inci murabba'i ba. Injina yana kai shi wajen 4,000, yana tura galan huɗu a minti. Kan feshin kuwa launi-launi ne: ja yana tattara ruwan wuri guda kamar tsinin mashi, kore da fari suna baza shi, baƙi na zuba sabulu ne. Da wannan nake wanke daɓen da ake ajiye mota, da shingen katako, da gaban shaguna. Yanzu ina da ma'aikata biyu, kuma abin da ke shigowa yana riƙe gidana, har ina aika na cefane Kano kamar yadda na saba.

Duk wannan ba shi ne abin da ya hana ni barci ba. Abin da ya hana ni barci shi ne na yi wata goma sha huɗu ban gaya wa mahaifina ba. Duk Juma'a in na kira, zai ce, "Injiniya, yaya aikin?" Ni kuma in ce, "Alhamdu lillahi Baba, muna nan muna fama da injina da ruwa." Babu kalma ɗaya ta ƙarya a cikin wannan jimla, kuma na daɗe ina lallashin kaina da hakan.

Sai an san gidanmu za a gane dalilin ɓoyon. Kakana majemi ne, ya ƙare rayuwarsa a bakin ramin jima, yana cuɗa fatu da toka da bagaruwa. Mahaifina ya taso da warin jima a jikin rigarsa, yara suna toshe hanci in ya shiga aji. Boko ne ya fitar da shi, ya zama akawu, ya yi shekara talatin da biyar yana zuwa ofis da farar riga wadda ba ta taɓa dawowa da tabo ba. Lokacin da na sami gurbin karatu a Amurka, ya sayar da gonar da ya gada, ita kaɗai, domin kuɗin shekarar farko. A ganinsa tsani muke hawa: uba a rami, ɗa a tebur, jika a ƙasar waje. Ta yaya zan kira shi in ce jikan ya koma tsayuwa cikin ruwan datti da takalmin roba?

Mu Hausawa muna yabon sana'a da baki, muna cewa babu maraya sai rago, amma mun daɗe da jera sana'o'i hawa-hawa. Kowa ya san gidajen da ake jinkirin ba su aure saboda fawa ko wanzanci ko jima. Da boko ya zo bai rushe wannan jeri ba, wani bene ya ƙara a samansa, ya ɗora mai alƙalami a can. Mu da muke waje kuma mun zo da jerin a cikin akwatunanmu. Na san ɗan'uwa da ya yi shekaru yana tuƙin tasi da dare, iyalinsa a gida suna cewa yana "harkar sufuri". Ban taɓa yi masa dariya ba, amma ban taɓa zaton zan ari dabararsa ba.

In da abin kunya ce kawai, da maganar ta zo da sauƙi, domin addininmu ya gama da ita tuntuni. Mun taso muna jin cewa Annabi Dawuda, alaihis salam, da sarautarsa da annabcinsa, daga aikin hannunsa yake ci, kuma mun san yadda aka fifita mai saran itace ya sayar a kan mai roƙo. Amma wani dattijo a masallacinmu, likita ne da nake girmamawa, ya kawo mini hujjar da ta fi kunya nauyi. Ya ja ni gefe bayan sallar Isha'i ya ce, "Ɗana, ba na cewa aikinka haram ne ko ƙasƙanci ne. Amma ilimin da ke kanka ba naka ne kai kaɗai ba. Talakan Nijeriya ne ya biya mafi yawan kuɗin karatunka a Zariya, mahaifinka ya ƙarasa da gonarsa. Mutum dubu za su iya riƙe tiyo. Mutum nawa ne a cikinmu za su iya abin da aka koya maka? Amana ce ka ajiye."

Na yi makonni ina juya wannan magana, domin akwai gaskiya a cikinta. Malamai sun ce sana'o'in da al'umma ba ta rayuwa sai da su, irin su likitanci da gini, farilla ce ta kifaya: in babu mai yi, kowa ya yi laifi. Kano da na fito tana fama da ƙarancin ruwan sha, unguwarmu har gobe da 'yan ga-ruwa ta dogara, ni kuwa abin da na ƙware a kai shi ne tura ruwa a bututu. In akwai wanda za a tuhuma da ajiye amana, ni ne.

Sai dai da na bi zaren maganar zuwa ƙarshensa, sai ya kai ni inda dattijon bai nufa ba. Yaushe na ajiye amanar? A shekara biyar ɗin da na yi a kamfanin mai, ko ɗigon ruwa ɗaya bai isa Kano ba ta dalilin lissafina. Ina taimaka wa masu hannun jari ne su fitar da man Teksas da arha. In bashin talakan Nijeriya ne a wuyana, to tun ranar da na karɓi wancan aiki na fara jinkirta biya, kuma babu wanda ya ja ni gefe a masallaci a lokacin. Ana gabatar da ni a taron suna da ɗaurin aure, ana cewa ga injiniyanmu. Ni ma ban taɓa jin nauyin bashin ba sai ranar da na sa takalmin roba. Lamirin da ya yi barci shekara biyar a ofis mai sanyi, ya farka ran da tufafina suka jiƙe, dole in tuhume shi: amana yake karewa, ko matsayi?

Ba ina nufin na wanke kaina ba ne. Hujjar dattijon ba ta mutu ba, wurin zamanta kawai ta sauya. Bashin yana nan, yana kaina, yana kuma kan likitan da ke duba marasa lafiya a Teksas alhali asibitin garinsu ba shi da likita. Amma tiyo bai ƙara shi ba, kamar yadda kwat da taye ba su rage shi ba. Abin da zan iya faɗa shi ne yanzu, da nake da ikon lokacina, na fi samun sararin duba zanen rijiyoyin burtsatse da lissafin famfon sola da 'yan unguwarmu ke turo mini, fiye da lokacin da nake ma'aikacin wani. Ƙaramin biya ne, ban kuma ce ya isa ba.

Akwai kuma zaton cewa ilimin ya tafi a banza. Wannan kam ban yarda ba, kuma aikin ne ya nuna mini. Baƙin zanen da ake gani a rufin gidaje a nan wata ƙwayar halitta ce mai rai. In ka buge ta da ƙarfin ruwa za ka kankare tsakuwar da ke kare rufin, ita kuma ta dawo. Maganinta ruwan bilic ne da aka sirka daidai, a fesa a hankali. Mai gida bai san wannan ba. Sau da yawa shi ne ma zai ce in sa ƙarfi, domin yana son ya ga datti na tashi. Ɓarnar ba za ta bayyana ba sai bayan shekaru, lokacin da ya manta sunana. Haka ma ruwan wankin: magudanar da ke bakin titi ba ta biyawa ta matatar ruwa, kai tsaye take zubawa a rafukan garin, su kuma su gangara gaɓar Galbestan. Dokar tsabtar ruwa ta 1972 da dokokin birni sun hana tura ruwan sabulu da maiƙo a cikinta, amma da ƙarfe shida na safe a bayan wani shago babu mai ganinka. Toshe magudanar da zuƙe ruwan yana cin kusan awa guda wadda ba wanda zai biya ka. A ofis, in na yi kuskure akwai mutum uku a sama da ni da za su kama shi. A nan daga ni sai Allah, kuma ban taɓa sanin nauyin abin da na sani ba kamar yadda na san shi a bakin wannan magudana.

Ban kuma fita kunya kullum ba. A watannin farko na kusantar da kan feshi ga dandamalin katakon wata tsohuwa, na tayar masa da gashi a wuri mai faɗin tabarma. Idonta ba ya gani sosai, har ta miƙo mini cek tana yabo. Na karɓa, na shiga mota, na kai ƙarshen layin kafin na juyo. Gyaran ya cinye ribar mako guda. Abin da ya dame ni ba kuɗin ba ne, tsawon layin nan ne da na iya tuƙawa.

A ranar ne na gane cewa abin da na yi wa tsohuwar na minti biyar, shi nake yi wa mahaifina wata da watanni: ina barin mutum cikin zaton da na san ba daidai ba ne, domin gyara zaton zai ci mini wani abu. Malamai sun yi sauƙi a kan magana mai harshen damo ga wanda ke tsoron zalunci ko yake son sulhunta mutane. Ni wane azzalumi nake gudu? Na ce ina tausayin zuciyar tsoho ne, kuma akwai wannan a ciki. Amma akwai kuma son in ci gaba da jin "Injiniya" da irin muryar da yake faɗinsa. Mutumin da ya sayar da gonarsa yana da haƙƙin sanin abin da ta haifa, ko da ba zai ji daɗinsa ba.

Duk da haka ban iya faɗa a waya ba. Na je gida a Disambar 2021 da niyyar in samu lokacin da ya dace, na yi kwana uku ina ɗagawa. Ranar wanka dai ba a ɓoye cibi. A rana ta huɗu ina zuba masa ruwan alwala a zaure, sai ya riƙe hannuna na dama, ya juya shi, ya daɗe yana kallon tsagewar da bilic da ruwa suka yi wa yatsuna.

"Wannan ba hannun ofis ba ne," in ji shi. "Hannun Malam ne." Mahaifinsa yake nufi.

Na gaya masa komai, tun daga taron bidiyon. Bai katse ni ba. Da na gama ya tambaye ni ko ina cin bashi, na ce a'a. Ya tambaya ko ina biyan yaran da ke yi mini aiki a kan lokaci, na ce duk Juma'a. Ya yi shiru har aka kira salla. A hanyar masallaci ya ce, ba tare da ya dube ni ba, abin da ya fi yi masa ciwo shi ne wata goma sha huɗun, sa'an nan ya roƙe ni kada in ɗaga maganar a majalisarsu, shi zai san yadda zai faɗa musu. Har yau ban sani ba ko ya faɗa, kuma har yau Injiniya yake kira na.

Ranar da zan dawo na tarar da ƙaramin gwangwani a saman akwatina, cike da man kaɗanya. Hajiya ta ce shi ya aika aka sayo. Ya ce in riƙa shafawa da dare in sa safa a hannun, haka Malam yake yi lokacin hunturu.