Fursunonin Badar da Yaran Magama

 

Malaman tarihi sun ruwaito cewa bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, an sami waɗansu fursunonin Ƙuraishawa waɗanda ba su da dukiyar fansar kansu, amma sun iya rubutu. Sai Manzon Allah (S.A.W.) ya sanya fansar kowannensu ita ce ya koya wa yara goma na Madina rubutu. Waɗannan mutane fa mushirikai ne, jiya-jiya suka zare wa Musulmi takobi, duk da haka ba a ƙyamaci abin da suka sani ba. Haka kuma ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa, domin kada wasiƙunsa su rataya a hannun wanda bai amince da shi ba.

To, alƙalamin wannan zamani shi ne kwamfuta. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina yin jarrabawar shiga jami'a a kan takarda. Yaron Magama wanda ya sauke Alƙur'ani, ya ƙare sakandare, in bai taɓa ɗora yatsa a kan wannan na'ura ba, lalle zai ɓata lokacinsa wajen lalube, ɗan birni kuwa yana ta amsa tambayoyi. Ba basira aka fi shi ba, sabo aka fi shi. Sana'ar da jama'a ba sa wadatuwa ga barinta kuwa, malamai sun ce koyonta farilla ce ta kifaya.

Iyayen da ke tsoron ɓarnar intanet suna da hujja. A 2007 an raba wa ɗaliban wata firamare a Galadima, kusa da Abuja, ƙananan kwamfutoci, ba a jima ba aka ba da labarin waɗansu suna kallon batsa da su. Amma fa laifin na manya ne, waɗanda suka miƙa wa yara abin ba mai tsaro a kansu.

Sa'an nan intanet ba ta da tabbas a bakin iyaka. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Jibiya. Saboda haka a zuba littattafai da darussa a cikin na'urar kanta, a haɗa mata wutar hasken rana.

Saura attajiran da ke cin arzikin hanyar Maraɗi, masu gina masallaci kusa da masallaci. Ilimin da ake amfana da shi yana daga cikin abubuwa uku da ladarsu ba ta yankewa bayan mutuwa. Sai dai wanda ya sayi kwamfuta goma aka kulle su a ofishin hedimasta suna shan ƙura, bai cika sadakarsa ba. Gara ya sayi biyar, ya ɗauki nauyin albashin malami mai tsoron Allah wanda zai zauna da yaran.