Ko Tilas Tana Iya Juya Zuciya?

Abin karantawa: Yohanna 8:1-11, Luka 15:1-7

'Yan'uwa cikin Ubangiji, a ce wani saurayi ɗan shekara 16 daga ikilisiyarmu a nan Ɗan Iya ya gaya wa mahaifiyarsa a asirce cewa zuciyarsa ga maza take karkata. Waɗansu za su ce a tsare shi a ɗakin addu'a, a hana shi abinci, a dake shi har ya sake hali. Wannan daidai ne?

Mun san tsoron da yake ciki. A watan Janairu 2014, watan da aka sa hannu a dokar ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi ɗaya, taron jama'a suka jefi kotun shari'a a nan Bauchi da duwatsu, suna neman ran waɗanda ake tuhuma. Yaron da ya buɗe baki a garin nan, ransa ya danƙa a hannunmu.

Waɗansu sun riga mu gwada juya irin waɗannan mutane. A Amurka, ƙungiyar Exodus International ta yi wannan aiki tun 1976. A 2013 ta rufe, shugabanta Alan Chambers kuwa ya roƙi gafarar waɗanda aka cuta, bayan ya yarda cewa kusan dukan waɗanda ya sani sha'awarsu ba ta sake ba. A 2017 babban taron Ikilisiyar Ingila ya nemi gwamnati ta hana aikin. Masu bi ne suka ƙi shi, gama sun ga kunya da fid da zuciya da ya haifa.

Ko da mun riƙe koyarwarmu a kan aure ƙam, ba ta ba mu izinin zalunci ba. Sai da masu duwatsu suka watse kafin Ubangiji ya yi wa matar gargaɗi. Makiyayi kuma a kafaɗa ya ɗauko tunkiyarsa. Yunwa da bulala suna iya sa baki ya ce ya warke alhali zuciya tana yadda take. Ashe ƙarya muka koya wa yaron a gidan Allah.

Saboda haka mu rufa masa asiri, mu bar masa wurinsa a gida da a sujada, kada kuwa mu yi masa alkawarin da ba mu da ikon cikawa.

Tambayoyi:
1. Don me Yesu ya fara da masu zargi?
2. Idan ɗanmu ne, wa za mu so ya fara ji?