Tsakanin Halacci da Alkawari

Shekara bakwai na yi ina riƙe da littafin lissafi a wani kamfanin casar shinkafa da ke hanyar Kura. Sau biyu na nemi ƙarin albashi: bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da kuɗin mota ya fara cinye na cefane, sai kuma bayan an sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024. Duk sau biyun Alhaji, mai kamfanin, ya ce in yi haƙuri, kasuwa ba daɗi. Na haƙura, domin littafin a hannuna yake, na san yadda shanshera da man dizal suka yi tsada.

Da wani kamfanin takin zamani a Kaduna ya neme ni da kusan ninkin albashina, na yi istihara, na shawarci Inna, na ce musu na amince. Ba mu sa hannu a komai ba, baki ne kawai. Manajan ya ce to madalla, bari ya sallami mutum na biyu da suka ajiye yana jiran tsammani.

Washegari na kai wa Alhaji takardar barin aiki. Ya karanta, ya danne ta da wayarsa.

"Nawa suka ba ka?"

Na faɗa masa.

"Na ɗora maka dubu goma a kai. Zauna, ɗana."

Ciwo ne ya fara zuwa mini kafin murna. Ashe kuɗin na nan. Sai kuma na tuna daren da aka shiga da matata tiyatar haihuwa ba ni da ko rabin kuɗin, Alhaji ya turo direbansa da ambulan, bai taɓa tayar da zancen ba har yau. Mutumin da ya hana ni sau biyu shi ne mutumin da ya tsaya mini a daren nan, na rasa wanne zan saurara a cikinsu.

Abokaina suka rabu biyu. Masu cewa in tafi suna cewa sabo turken wawa, kuma abin da Allah ya rubuta mini na can Kaduna yana jirana. Masu cewa in zauna su ma da arzikin suka kafa hujja: ga shi Allah ya kawo maka har gida, me za ka je nema? A nan na gane cewa imani da rubutaccen arziki, gaskiya ne kam, amma ba zai raba wannan gardama ba, tunda kowane ɓangare na iya jingina da shi. Ba a nuna mini abin da aka rubuta ba. Abin da na sani tabbas shi ne abin da bakina ya furta.

Bayan Magariba na je zauren malaminmu, na ce, "Allah ya gafarta Malam, ko in sake istihara?" Ya tambaye ni ko mutanen Kaduna sun yi wani abu saboda maganata. Na ba shi labarin wanda aka sallama. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce malamai sun yi saɓani a kan ko alkawari yana zama dole a hukunce, amma mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne yana ɗaure mutum idan wanda aka yi wa ya shiga wani abu saboda shi. Istihara kuwa ana yin ta ne a inda mutum yake da zaɓi, ni kuma na riga na kashe zaɓina da bakina.

Na ce, to halaccin Alhaji fa? Sai ya tuna mini ƙissar Annabi Musa a Madyana, cikin Suratul Ƙasas. Wani dattijo a can ya ba shi mafaka yana gudun rai, ya aurar masa da 'yarsa, amma duk da haka aka yanka wa'adin aiki, shekara takwas, idan ya cika goma ganin damarsa ne. Da wa'adi ya cika ya ɗauki iyalinsa ya tafi, ba wanda ya kira shi butulu. Na daɗe ina juya wannan. Mu a nan mun saba cakuɗa aiki da zumunci har yaron gida ya kasa gane inda albashi ya ƙare, inda alheri ya fara. Akwai daɗi a cikin hakan, ni shaida ne. Amma alherin da aka yi don Allah, idan na mai da shi sarƙa a ƙafata, na rage wa mai shi daraja, na mai da kyautarsa bashi.

Ban ce duk wanda ya karɓi tayin maigidansa ya yi laifi ba. Wanda bai riga ya ba da kalmarsa ba, ya zauna abinsa. Abin da zuciyata ta ƙi shi ne dabarar da wani abokina ya yaba mini a kai, wai na iya taku, na tsorata Alhaji da takardar wasu. Littattafan fiƙihu suna da suna ga mai taya kaya ba don zai saya ba, sai don farashi ya hau: najashu, kuma an hana. Da na zauna, da mutanen Kaduna sun zama 'yan tayin da na yi haya kyauta, shi kuma wanda aka sallama, mai iyali wataƙila kamar ni, ya biya kuɗin ƙarin albashina bai sani ba.

Dokar ƙwadago ta ce wanda ya kai shekara biyar a aiki ya ba da sanarwar wata guda. Na roƙi Kaduna suka ba ni mako shida, na zauna da yaron da zai gaje ni har ya iya lissafin buhu da na awon danshi, na miƙa littafi ba gibin kwabo. Ranar ƙarshe Alhaji bai shigo ofis ba. Direbansa ya kawo buhun shinkafa gidana da yamma.

Da Babbar Sallah na je gaishe shi. Ya amsa da kyau, ya tambayi yara, ya tambayi Kaduna, ya sa aka kawo mini nama. Har na tashi bai ce mini "ɗana" ba, Malam Akawu ya riƙa kirana.