Hukuncin Dawo Da Loɓa Bayan Kaciya



Wani matashi da ke karatu a Amurka ya turo min saƙo cikin damuwa. Ya ce ya ci karo da wasu mutane a intanet suna cewa duk wanda aka yi wa kaciya yana yaro an zalunce shi, har suna koyar da yadda ake jan fatar da ta rage, wata da watanni, don ta sake rufe kan gaba. Ya ce: "Malam, abin ya fara shiga raina. Shin iyayena sun cuce ni?"

Ɗan uwana, ba su cuce ka ba. Kaciya tana cikin abubuwa 5 na fiɗira da suka zo a hadisin Abu Huraira (RA) wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Annabi Ibrahim (AS) ya yi ta yana da shekara 80. A mazhabarmu ta Malikiyya sunna ce mai ƙarfi ga namiji, Shafi'iyya da Hanabila kuwa suka ce wajibi ce. Hikimarta a fili take: fitsari da ƙazanta suna maƙalewa a ƙarƙashin loɓa, mu kuma ba mu da salla sai da tsarki. Har malamanmu suka karhanta a naɗa marar kaciya limami ratibi.

Ta fuskar lafiya ma, a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kaciyar maza, bayan bincike a Afirka ta Kudu da Kenya da Uganda ya nuna tana rage haɗarin namiji ya ɗauki cutar ƙanjamau daga mace da kusan kashi 60 cikin 100. Amma a kula, ragewa aka ce. Kada wani ya ɗauka lasisin zina ne.

To, shi wannan jan fatar fa? Abin da aka yanke ba ya tsirowa, ragowar fatar ce kawai ake miƙarwa. Wanda ya yi haka da gangan, ba lalura, ya warware sunna da hannunsa, ya dawo da abin da Shari'a ta ce a kawar. Ban ga halaccinsa ba.

Sai dai a bambance abu biyu.

Na ɗaya, wanda aka yi wa ɓarna wajen kaciya, aka yanke fiye da kima har yana jin ciwo. Wannan neman magani ne, ya je wurin ƙwararren likita, babu laifi.

Na biyu, yaron da iyaye suka ga kamar fatar ta dawo. Sau da yawa ƙiba ce ke ɓoye gaban, in ya girma sai ya bayyana. Kada a yi gaggawar maida shi wurin wanzami, likita ya fara dubawa. Ma'aunin kaciya shi ne kan gaba ya fito gaba ɗaya. In ya fito an gama, in ragowar tana rufe shi sai a gyara.

Kai kuma ɗan uwana, ka daina bibiyar waɗannan shafukan, ka yi wa iyayenka addu'a. In damuwar ta ƙi barinka, ka samu likita ku yi magana, babu kunya a ciki.

Wallahu a'alam.