Tabon Wili: Iyakar da ke Tsakanin Gyara da Ɓoye Aibi

Wili, wanda wasu ke kira rim, shi ne da'irar ƙarfen da ake ɗaura taya a kanta, kuma shi ne yake karɓar nauyin mota daga gatari ya miƙa wa taya, taya kuma ta miƙa wa ƙasa. Raunin da ya fi samunsa a birane shi ne kurjewa, wato lokacin da direba ya matsa wa dakalin simintin da ake jerawa a gefen titi wajen yin fakin ko shan kwana, sai leɓen wilin ya gogi simintin, fenti ya tashi, ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya fito da zane-zane kamar an ja shi a kan dutsen niƙa. Gyaran wannan tabo ƙaramin aiki ne a wurin masu sana'ar, amma yana ɗauke da tambayar da malaman fiƙihu suka daɗe suna tattaunawa tun kafin a ƙera mota: idan gyara ya kai matsayin da ido ba ya iya gane cewa an taɓa samun ɓarna, shin mai gyaran ya mayar da abu yadda yake ne, ko kuwa ya koya wa abin yin ƙarya?

Ba a amsa wannan tambaya sai an san abin da ake gyarawa. Wili iri biyu ne ya fi yawa a kan titi. Akwai na baƙin ƙarfe, wanda idan ya daki rami yakan lanƙwashe, a buga shi da guduma ya koma kusa da siffarsa, akwai kuma na alminiyom, wanda ake narkarwa a gauraya shi da sinadarin silikon kimanin kashi 7 cikin 100 da ɗan magniziyom, a zuba a mazubi, sannan a gasa shi bisa wani ƙayyadadden zafi domin ya yi ƙwari. Na biyun ya fi sauƙin nauyi da kyan gani, sai dai ba shi da haƙurin na farko, domin inda baƙin ƙarfe zai lanƙwashe shi yakan tsage. Saboda haka ɓarnar da ke samun wili hawa uku ce. Ta farko ita ce kurjewar leɓe, wadda ba ta wuce fuska ba. Ta biyu ita ce lanƙwasa, wadda ke sa sitiyari karkarwa idan mota ta ɗauki gudu, ta kuma sa taya marar tub ta riƙa sacewa a hankali. Ta uku ita ce tsagewa, wadda sau da yawa takan ɓuya a bangon ciki inda ba a gani sai an kwance taya, kuma ita ce ke iya raba mota da hanya.

Kurjewa ana magance ta ne da wankewa, sannan a bi wurin da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har gefen zanen ya kwanta. Idan ramin ya yi zurfi sai a cike shi da fila, wato wani kwaɓi mai daskarewa da masu gyaran jikin mota ke amfani da shi, a sake gogewa, a fesa fentin share fage, a bi da fentin launi, a rufe da man ƙyalli. Wilin da aka yanke fuskarsa da inji tun daga masana'anta, mai sheƙi kamar madubi, shi kuwa ana ɗora shi ne a kan injin sassaƙa a fere siririn ɓawo daga fuskarsa baki ɗaya har tabon ya ɓace. Abin lura a duka hanyoyin biyu shi ne ƙarfen da siminti ya cinye ba ya dawowa: a hanya ta farko an maye gurbinsa da abin da ba ƙarfe ba, a ta biyu kuma an rage sauran ƙarfen ne domin ya daidaita da wurin da ya ɓata. Gyararren wili kama yake yi da sabo, kama kuwa ba ta zama gaskiyar abin ba.

Wannan ba ya mayar da gyara abin zargi. Shari'a ta hana tozarta dukiya, wato ɓarnatar da ita ba tare da amfanin duniya ko na lahira ba, kuma wanda ya jefar da lafiyayyen wili saboda tabon da kuɗi kaɗan zai gusar ya fi kusa da wannan hani a kan wanda ya kai shi wurin mai gyara. Son abu ya yi kyau shi ma halal ne muddin bai kai ga girman kai ba. Hausawa kuma mutane ne masu gyara tun asali, domin ɗinkin ƙwarya sana'a ce mai zaman kanta, kuma kasuwanni irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano suna rayuwa ne a kan imanin cewa abin da ya tsufa bai mutu ba. Sai dai akwai bambanci tsakanin ɗinkakkiyar ƙwarya da fentaccen wili. Ɗinkin ƙwarya a fili yake, duk macen da ta ɗauke ta a kasuwa za ta ga layin zaren ta san tarihinta, ta yi tayi gwargwadon abin da ta gani, ƙwaryar da kanta take ba da shaida a kan kanta. Gyaran zamani kuwa cikarsa ita ce ya shafe wannan shaida, kuma gwargwadon gwanintar mai gyara gwargwadon shirun da abin zai yi.

A nan ne fiƙihu ya shigo da kalmomi biyu. Algus shi ne nuna kaya a kan wani hali da ba nasa ba, tadlisi kuma shi ne ɓoye wa mai saye aibin da mai sayarwa ya sani. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, littafin da almajiran ƙasar Hausa suka daɗe suna karantawa a zaure, ta jera su duka biyun tare da yaudara da ɓoye aibobi cikin abubuwan da ba su halatta a ciniki. Asalin hukuncin yana cikin hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, inda Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai aka tambaye shi dalilin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama domin mutane su gani. Mai abincin bai faɗi ƙarya da baki ba, tsarin da ya yi wa tsibin ne ya yi masa ƙaryar. Malikawa suna kiran irin wannan ruɗi na aiki, suna kuma kawo misalin ƙin tatsar akuya ko raƙuma kwanaki domin hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce, da misalin rina tsohon tufa domin a ɗauka sabo ne. Rini halal ne, kuma babu laifi ga wanda ya mayar da tsohuwar rigarsa karofi domin ya ci salla da ita. Laifin yana farawa ne ranar da ya shimfiɗa ta a kasuwa cikin sababbi ya yi shiru.

Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya kawo a cikin Ihya'u, a babin ladubban neman halal, wata mas'ala da ta yi daidai da aikin mai gyaran wili. An tambayi Imam Ahmad bin Hambal game da cike ɓular tufa da zare ta yadda ba za a gane ba, sai ya nuna cewa bai halatta ga mai sayarwa ya ɓoye wannan ba, kuma aikin yana halatta ga maɗinkin ne idan ya san mai tufar zai bayyana, ko kuma ba sayarwa zai yi ba. Amsar ta raba nauyi gida biyu. Ta ɗora wa mai kaya wajibin bayani, ta kuma ƙi sakin mai sana'a ya ce shi hannu ne kawai, abin da aka sa shi ya yi. Mai fentin da dillali ya kawo wa wili huɗu ya ce a shafe su domin gobe mai saye zai zo, alhali ya ga tsaga a cikin ɗaya, ya san inda aikinsa zai ƙare, kuma saninsa ya sa shi cikin cinikin ko da ba ya wurin lokacin da za a ce an sallama.

Sai dai ba kowane tabo ne shari'a ta kira aibi ba, in ba haka ba da ciniki ya gagara. Ma'aunin da Malikawa suka kafa shi ne al'ada: aibi shi ne abin da aka saba samun irin wannan kaya ba tare da shi ba, kuma yake rage masa daraja ko amfani a idon masana kasuwar. Wanda ya sayi tsohuwar mota 'yar Kwatano ya san ta sha titi a wata ƙasa kafin ta iso, kuma kowa ya san ana yi wa irin waɗannan motoci kwalliya kafin a jera su, saboda haka goge ƙaramar kurjewa a fesa fenti bai fita daga abin da mai saye yake tsammani ba, sai fa idan ya tambaya, ko an ce masa ba a taɓa ko'ina ba, ko kuma ana sayar da wilin da sunan sabo. Wilin da aka miƙar bayan lanƙwasa, da wanda aka yi wa walda, hukuncinsu dabam ne, domin babu mai sayen da zai ji labarinsu ya bar tayinsa yadda yake. Wanda aka ɓoye wa irin wannan yana da zaɓin aibi, wato damar riƙe kayan ko mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Littafin Muhtasar na Shehu Halil ya ƙara da sharaɗin cewa wanda ya san aibi sai ya siffanta shi ko ya nuna shi, ba ya dunƙule magana ba, wanda ke nufin cewa furucin nan na bakin kasuwa, a saya yadda aka gani, ba ya wanke mutumin da ya san abin da ba a gani ba.

Tsagewa kuwa ta wuce batun ciniki gaba ɗaya. Alminiyom yana narkewa ne a zafin digiri 660 a ma'aunin Salsiyos, kuma wutar walda, ko da an yi ta da iskar agon kamar yadda ya kamata, tana sassauta ƙwarin da gashin masana'anta ya ba ƙarfen da ke kewaye da ɗinkin, ta yadda wurin zai iya yin kyau a ido alhali ya fi sauran rauni. Tsagar da ke kan ƙafafun wili ko kusa da ramukan noti ba wurin gyara ba ce, wurin canji ce. A nan ko mai motar ba ya nufin sayarwa, sharaɗin Imam Ahmad bai ishe shi ba, domin akwai iyalin da zai ɗauka, da fasinjan da ya biya kuɗin mota bai ga cikin taya ba, da mai babur ɗin da ke gefensa a kan hanya. Ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda Imam Malik ya kawo asalinta a Muwaɗɗa, ta shafi duk waɗannan, kuma babu ɗayansu da aka nemi yardarsa.

Mai tunani zai iya kawo ƙalubale a nan, ya ce addinin da ya yi umarni da suturta aibin Musulmi, da al'adar da ta ɗauki rufin asiri a matsayin babbar addu'ar da ake yi wa mutum, yaya za su juyo su wajabta tona asirin kaya? Amsar tana cikin tambayar wanda zai ɗauki asarar rufin. Idan aka rufa wa mai zunubi asiri a kan abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa, babu wanda aka rage wa haƙƙi, shi kuma an bar masa ƙofar tuba a buɗe, mutum kuwa yana iya warkewa ta yadda zai fi yadda yake a da. Ƙarfe ba ya tuba, tsagarsa ba ta haɗewa don an rufe ta, ƙaruwa take yi da kowane rami, kuma wanda zai biya kuɗin shirun wani ne dabam wanda ba ya nan lokacin da aka yi shi. Shi ya sa ko a kan mutum malamai suka janye suturar idan haƙƙin wani ya shigo, kamar wanda aka nemi shawararsa a kan mai neman aure ko abokin kasuwanci, domin ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Abin da ya rage shi ne haddin gyaran kansa. Wilin da ake ferewa da inji ba ya jure fira sai 'yan lokuta, domin kowace fira tana cin kaurinsa, kuma wanda ya nace sai fuskar ta koma kamar ranar da ta fito daga kwali yana iya rasa ido garin neman gira. Hanyar da ta kuɓuta daga wannan da kuma daga algus guda ce, kuma ba ta da tsada. Mai gyara ya kwance taya ya duba bangon ciki kafin ya taɓa fuska, ya ƙi rufe abin da bai kamata a rufe ba ko da mai motar ya matsa, mai mota kuma ya riƙe a ransa cewa abin da samfefa ta goge ya koma bashi a kan harshensa. Ranar da mai saye ya zagaya motar ya tsaya a kan wilin gaba na dama yana yaba ƙyallinsa, a nan ne ake biyan bashin, da cewa wannan ya taɓa gogar dakali, an cike shi an fesa, ga kuma wurin.